Ƙahon Da Ba Ya Fashin Wasa

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka yi haƙuri da tsawon takardar nan. Magana ce sana'ata, da ita nake ci nake sha, amma wannan na kasa faɗa wa kowa da baki, shi ya sa na ɗauko biro. Saura mako uku kacal, kuma har yanzu ban san abin da zan yi ba.

Ni ne mai kawo sharhin wasanni a gidan rediyon wata jami'a, yau shekara goma sha shida. Ranar Asabar da la'asar ƙwallon ƙafa, ranar Laraba da yamma ƙwallon kwando. Idan yaranmu sun yi tafiya in bi su a mota, idan a gida ne in hau benena. Abin da nake kira bene wani ɗan ɗaki ne a saman rumfar 'yan kallo, tsawonsa taku uku, da tagar gilashi da ta tsage a kusurwa aka liƙe da salatif, da teburi, da wata fanka mai kuka wadda dole in kashe ta da zarar an kunna makirufo. Don haka minti casa'in nake yi ina zufa ni kaɗai. Abokin aikina ɗaya ne, injiniya, shi ma a ƙasa yake zama bakin fili da na'urorinsa. Sai dai in ji muryarsa a kunne yana cewa saura minti ɗaya.

Mahaifina shi ne ya kula da wannan filin shekara talatin da ɗaya. Shi yake yanke ciyawa, ya ba ta ruwa, ya ja farin layi da igiya da gwangwani, ya ɗaura raga, ya goge daɓen zauren ƙwallon kwando har ka ga fuskarka a ciki. A filin nan na tashi. Baba ba mai yawan magana ba ne, kuma aboki ɗaya na san shi da shi a duniya, direban motar 'yan wasa. Kowa Mai Ƙaho yake ce masa, saboda wani ƙahon tagulla da ya lotse a gefe, wanda yake zuwa da shi kowane wasa. Busarsa ba ta canzawa: gajeru biyu, doguwa ɗaya. Idan aka tashi daga wasa sai su zauna a ƙofar ɗakin ajiyar kaya da butar shayi, shi yana ce wa Baba mai gadin ciyawa, Baba yana ce masa tsohon banza, har rana ta faɗi. Haka suka yi ta yi, tun ina ɗaukar musu kofi har na fara furfura.

To, Malam, ka san yadda zamani ya juya. Ɗalibai yanzu ƙwallon ƙasashen waje suke kallo a waya. Rumfar da take ɗaukar mutum dubu huɗu, ranar Asabar da ta wuce na ƙirga talatin da huɗu, har da mai sayar da ruwa da masu gadi biyu, kuma ɗaya daga cikin masu gadin barci yake yi. Zauren ƙwallon kwando ya fi muni. Idan babu mutane, ba abin da makirufo yake ɗauka sai kukan takalma a daɓe da dukan ƙwallo yana amsa amo, kamar ana daka a kango. Shekara huɗu da suka wuce shugaban tashar ya kira mu ya ce shirinmu ya zama kamar zaman makoki, mu san yadda za mu yi.

Injiniya ne ya samo dabarar. Ya tono wani tsohon kaset da aka ɗauka ranar da muka ci kofi, lokacin da rumfar ta cika har mutane suka hau katanga. Ya yanko minti goma sha biyu na ihun jama'a, ya sa yana maimaita kansa a ƙarƙashin muryata. Muka tsara alama: idan na buga fensir a teburi sau biyu sai ya ɗaga sautin, idan na buga sau ɗaya ya sauke. Ni kuma sai bakina ya bi kaset ɗin. In ce yau fa babu masaka tsinke, in ce ga tutoci, in ce ga tsofaffin ɗalibai sun zo da iyalansu. Har akwai ranar da fensir ya suɓuce mini daidai lokacin da aka zura mana ƙwallo, jama'armu dubu huɗu suka ɓarke da murna. Ba wanda ya bugo waya ya tambaya. Wannan ma ya dame ni ta wata fuskar, amma ba ita ce maganar ba.

Maganar ita ce, a cikin minti goma sha biyun nan akwai ƙahon. Gajeru biyu, doguwa ɗaya. Wallahi ni ban ma ƙara jin sa ba, ya zama mini kamar ƙarar fanka.

Shekara uku da suka wuce, bayan Baba ya yi ritaya, ɓarin jikinsa ya shanye. Mako na farko a asibiti bai san inda kansa yake ba. Mai Ƙaho kullum sai ya zo, ya zauna a bencin baranda tun safe har a kore shi, ba ya ko shiga ɗakin, wai ba ya son ganin mai gadin ciyawa a kwance. Rana ta tara bai zo ba. Ya faɗi a ƙofar gidansa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce kada a kuskura a gaya wa Baba wani abu mai tayar da hankali. Ni da ƙanwata, wadda take jinyarsa, muka ce a bari sai ya ji sauƙi.

Da aka sallamo shi, ƙanwata ta ajiye masa rediyo kusa da matashin kai. Asabar ta farko ta bugo mini waya bayan wasa tana kuka. Ta ce, "Yaya, Baba ya yi murmushi." Ta ce da ya ji ƙahon sai rabin bakinsa mai lafiya ya motsa, ya ce tsohon banza yana nan. A lokacin ne na tuna abin da ke cikin kaset ɗin. Na zauna a benen har injiniya ya gama naɗe wayoyinsa ya hau ya ga ko lafiya.

Ta yaya za mu gaya masa a ranar? Muka ce mako mai zuwa. Mako mai zuwa ya zama wata, wata ya zama shekara. Tsofaffin abokan aikinsa da suke leƙowa jefi-jefi, ƙanwata takan tare su a bakin ƙofa ta ja musu kunne. Yanzu ma sun daina zuwa.

Da farko Baba jiran sa yake yi. Ya sa aka ajiye kujera a gefen gado, ya sa ƙanwata ta riƙa dafa shayi da yawa ranar Asabar, ko zai biyo bayan wasa. Da ya ga shiru sai ya fara ba ni saƙo. Ya ce in gaya wa wancan tsohon banzan, ƙafarsa ta iya hawa rumfa amma ba ta iya taka gidan mara lafiya ba. Ni kuma, Allah ya yafe mini, sai in dawo da amsa. Na ce yana gaishe ka. Na ce gwiwa ce take damun sa, ɗauko shi ake yi a kai shi fili. Na ce ya ce ka warke tukuna, ba ya son ganin ka a kwance, wannan kam ya taɓa faɗa. Baba ya ce to wane irin ciwon gwiwa ne wannan da yake bin yara har wasannin waje, ƙwallon ƙafa yana nan, ƙwallon kwando yana nan? Domin kaset ɗaya muke sawa a ko'ina. Na ce ai ka san halinsa.

Yau kusan shekara guda ke nan bai ƙara ambaton sa ba. Ya sa aka ɗauke kujerar. Ƙanwata ta ce idan ƙahon ya busa sai ya juya fuskarsa bango, amma idan ta kai hannu za ta rage rediyon sai ya hana.

Bari in gaya maka wani abu game da ni, ko da bai shafi tambayar ba. Ni kaɗai nake zaune, ɗaki biyu a bayan wani shagon ɗinki. Na taɓa aure, muka rabu ba faɗa ba zagi. Ta ce duk maganar da ke bakina a makirufo nake juye ta, abin da yake isowa gida sai tari. Ban musa ba. Ranar Lahadi nake zuwa gaida Baba, kuma hirarmu ba ta wuce rabin awa. Ya tambaye ni ko mutane sun cika, in ce sun cika. Ya tambayi ciyawa, in ce tana nan kore shar, alhali gaban raga biyun duk ya zama ƙasa. Ya ce mai tsaron gidan nan naku yana fita da wuri, in ce haka ne. Daga nan sai in ce zan tafi. Amma ranar wasa minti casa'in nake yi ina yi masa magana, yana ji. Idan na ce jama'a masu sauraro, fuska ɗaya nake gani. Wani lokaci ina zargin ko shi kaɗai ne ma yake kunna mu a duk garin.

Yanzu ga abin da ya taso. Mai gasa masa jiki ya ce ya samu ƙarfin da za a iya fita da shi a keken marasa lafiya. Baba ya ce to a kai shi wasan ƙarshe na bana, wanda za a yi nan da mako uku. Ya sa ƙanwata ta wanke tsohuwar rigarsa ta aiki ta goge. Na ce Baba rana za ta dame ka, ga cunkoso. Ya ce shi ba ƙwallo za shi kallo ba. So yake a tura shi har gaban Mai Ƙaho, ya dube shi ido cikin ido, ko kalma ɗaya ba zai ce masa ba, sannan a mayar da shi gida.

Injiniya ya ce abu mai sauƙi ne. Zai cire ƙahon daga kaset ɗin tun yanzu, ni kuma in ce wa Baba Mai Ƙaho ya koma wajen 'yarsa a wani gari mai nisa, ranar wasan kuma mu ce mota ta lalace. Ƙanwata ta ce ita ta gaji, a gaya masa gaskiya, kuma ni zan faɗa tunda rediyona ne ya haifar da abin. Ni kuwa tsoro nake ji ciwon ya sake buge shi a gabana, ya zama ni na kashe shi. In kuma bai buge shi ba, ina tsoron ya kashe rediyon, ya daina saurare na. In ya yi haka, Malam, ni da wa zan riƙa magana? Ga kuma shugaban tasha, wanda ya saba da jin fili a cike.

Na rasa wanda zan tambaya. Ka gaya mini ko da mai ɗaci ne.

Mai Sharhi a Saman Bene

*

Ɗan'uwa Mai Sharhi,

A shekarun da na yi ina buɗe wasiƙun wannan shafi na ga masu ɓoye shekarunsu, na ga masu ɓoye takardar kora daga aiki, na ga wanda ya ɓoye wa matarsa cewa bai iya tuƙi ba har suka sayi mota. Amma kai ne na farko da ya sa bawan Allah aiki sau biyu a mako, gida da waje, shekara uku bayan an binne shi, ba hutu ba sallama. Na yi dariya a wajen fensirin da ya suɓuce. Da na zo wajen kujerar da aka ɗauke sai dariyar ta tsaya.

Bari in fara da abin da ba laifinka ba ne, domin na ga kana neman ka haɗa komai ka ɗora wa kanka. Ɓoye rasuwar a asibiti daidai ne. Likita ne ya ce, kuma duk ɗan kirki haka zai yi. Shi ma kaset ɗin ba da mugun nufi aka sa shi ba. Na ɓata ƙuruciyata ina karanta labaran yaƙe-yaƙe na da, kuma ban cika gamuwa da marubucin da ya ƙirga mayaƙa bai ƙara sifiri ba. Mai ba da labari da ɗan gishiri aka san shi. Ranar da mahaifinka ya yi murmushin farko, ni ma da ina wurin da na yi shiru.

Sai dai shirun wata na farko domin Baba aka yi shi. Na sauran wata talatin da wani abu domin ku ne, kai da ƙanwarka, kuma kai ka fi cin moriyarsa. Ba zargi ba ne, kai ma ka faɗa da kanka a ƙarshen takardarka, inda ka tambayi da wa za ka riƙa magana.

Ka dubi abin da aka yi wa tsohon nan. Kun ce kuna kare shi daga baƙin ciki. Ba ku kare shi ba, musanya kuka yi masa. Kun karɓe baƙin cikin rashin aboki, wanda kowa ya san yadda ake ɗaukar sa, ana kuka, ana addu'a, ana hucewa, kuka ba shi wani wanda ba shi da magani: wai amininsa na shekara talatin yana raye, lafiyarsa ƙalau, yana busa ƙaho, ya dai ga ba shi da sauran amfani ne. Kowane minti goma sha biyu ana tuna masa. Mutumin da yake juya fuska bango ba hutawa yake yi ba. Sannan ga marigayin. Ya yi kwana takwas a kan bencin asibiti, ku kuma kun mayar da shi mara zumunci, kuma ba shi da bakin da zai kare kansa.

Saboda haka shawarar injiniya ka gode masa, ka ajiye ta a inda yake ajiye wayoyin da suka tsinke. Gwani ne a aikinsa, amma yana ganin rayuwa ma ana iya yanke ta a liƙa. Idan tsohon ya koma wajen 'yarsa, gobe Baba zai nemi lambar waya. Kai kuma sai ka nemo wanda ya iya kwaikwayon murya. Ƙanwarka ce take da gaskiya, har da inda ta ce kai za ka faɗa. Ita ce take dafa shayin da ba a sha, ta biya nata kason.

Tsoronka na ciwon ba shirme ba ne, amma ba ni zan amsa shi ba, ba kai ba, ba injiniya ba. A makon nan ka je wajen likitansa ka gaya masa komai yadda ka gaya mini. Umarnin da ya ba ku na mutumin da ke kwance bai san inda yake ba ne. Ko magani yana da ranar da yake daina aiki, ku kuna ta shan na shekara uku. Ka tambaye shi yaushe, da yaya, da abin da za ku tanada a kusa. Ina kyautata zaton zai ce wanda zai iya zaman filin wasa a rana zai iya jin magana a ɗakinsa. In ya ce a dakata, ka dakata, amma ka sa ya faɗa maka zuwa yaushe.

Abin da ba zan yarda da shi ba ko kaɗan shi ne ka bar filin ya gaya masa. Ka yi tunanin an turo shi da gogaggiyar rigarsa, ya ga benci fayau, ya ga ƙasa a gaban raga, yana waige-waige yana neman mutum ɗaya. Idan akwai abin da zai kayar da shi, wannan ne. Kuma kada a taɓa ƙahon da ke cikin kaset kafin ka yi magana da shi. Kunnen da ya gane daga kan gado cewa mai tsaron gida yana fita da wuri zai gane ranar da busa ta ɗauke, kuma bai kamata ya ji rasuwar amininsa daga na'ura ba.

Ka je da safe, ranar da ba wasa, ƙanwarka tana kusa. Ka bar sana'arka a bakin ƙofa tare da takalmanka. Ba shimfiɗa, ba jan rai, ba wannan salon naku na ga shi nan, ga shi nan, sai a ƙarshe a ji ƙwallon ta fita waje. Ka ce Baba, abokinka ya rasu, shekara uku ke nan, kana asibiti. Ka ce ƙahon da kake ji tsohon kaset ne. Ka ce saƙonnin da na kawo maka ni na ƙirƙira su, ka yafe mini. Sannan ka ba shi abu ɗaya na gaskiya da ke hannunka, wanda ka ambata a takardarka kamar ba komai ba: bencin baranda, tun safe har a kore shi, kwana takwas a jere. Wannan ne zai riƙe idan sauran sun zube. Daga nan ka yi shiru. Na san wannan zai fi yi maka wuya fiye da komai.

Zai iya yin fushi. Zai iya kashe rediyon mako ɗaya, ko wata, ko har a gama kakar baɗi. Haƙƙinsa ne, kada ka roƙe shi ya kunna. Kai dai ka ci gaba da zuwa, kuma ka ƙara rana ɗaya a kan Lahadi. Idan ya tambayi ciyawa ka ce ta mutu a gaban raga, ka tambaye shi me ake yi mata. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki yana da amsar da ta fi rabin awa.

Batun tasha kuwa, ka sami shugabanku a ofis ka yi masa wani ɗan lissafi. Shekara huɗu kuna sanar da gari cewa babu masaka tsinke a filinku. To wa zai taso? Ni kaina, da nauyin jikina da ciwon bayana, in na ji haka sai in gyara kwanciya in ce Allah ya ba mai rabo. Wataƙila ba wayar hannu kaɗai ta kwashe muku 'yan kallo ba. Ku gwada faɗin adadin gaskiya, ku ce ga wuri nan a inuwa, kowa ya zo da ɗan'uwansa. Ku kai makirufo kusa da bencin koci, a ji ihunsa, a ji yaran suna kiran juna, a ji kukan takalman nan da kuke jin kunyar sa. Ban yi maka alkawarin shugaban zai yi tsalle don murna ba. Kada ka yi gaban kanka ka rasa aikinka, ka lallaɓa shi ya ba ku wasa biyu ko uku na gwaji. Amma ko ya ƙi, ƙahon dai ya fita daga shirin da zarar Baba ya ji. Ku kwafe shi daban ku ajiye, wata rana shi da kansa zai ce a sa masa.

Kai kuma, ɗan'uwa, ka riƙa saukowa daga benen nan. Shekara nawa kana jin injiniya a kunne, ka taɓa sanin 'ya'yansa nawa? Mahaifinka da ba ya magana ya yi aboki da butar shayi ɗaya da zagi biyu. Kai da kake da kalmomi buhu-buhu ba ka da uzuri.

Wasan ƙarshen, in ya ce har yanzu zai je, ka kai shi, wannan karon ya san abin da zai tarar. Amma ina ganin fitarsa ta farko a keken nan ba fili ya kamata ta zama ba. Ka tura shi gidan marigayin ya yi wa iyalinsa ta'aziyya, ko da ta yi lattin shekara uku. Sun san dalili, za su karɓe shi. Ya daɗe yana fushi da mutumin da ya kamata a ce yana yi wa addu'a. Ka mayar masa da abokinsa, ka bar shi ya yi kukansa.

Allah ya ji ƙan Mai Ƙaho, ya ƙara wa mahaifinka lafiya, ya saka wa ƙanwarka da alheri, kai kuma ya ba ka ƙarfin zuciyar faɗin magana gajera.